Inda Bututu Ya Ƙare: Bin Sawun Ruwan Sha Daga Ƙauran Namoda Zuwa Galadi

Wanda ya bar Gusau da bazara ya miƙi hanyar Ƙauran Namoda, kafin ya ga komai zai ga jarkoki. Rawayen jarkokin nan masu cin lita 25, waɗanda man girkin cikinsu ya ƙare suka koma aikin ruwa, suna nan ta ko'ina: a bayan babur, a kuiɓin jaki, a kan amalanken shanu, a cikin kurar 'yan ga-ruwa. Mu ma a Kano mun san jarka, amma a nan ita ce ke riƙe da gari. Tambaya guda ta kawo ni wannan ƙasa: daga inda ruwa ya fito zuwa lokacin da zai shiga bakin yaro, wa yake lura da lafiyarsa? Ita ta kai ni Ƙaura, ta kai ni Zurmi da Shinkafi, ta ƙare da ni a Galadi. Duk inda na ƙara gaba sai bututu ya ƙara gajarta, hannuwan da ke taɓa ruwan su ƙara yawa.

Ƙasar kanta ita ta fara tsara yadda za a sha ruwa. Gulbin Gagare ya ratsa ta gefen Ƙaura, Bunsuru kuma ya bi ta ƙasar Zurmi. Can arewa ruwansu yake haɗuwa, na Gulbin Maradi ya shigo daga Nijar ya same su, duka su zuba a Rima, wadda aka datse a Goronyo kafin ta isa Sakkwato. Gulaben nan na damina ne. Da na tsaya a bakin Gagare, yashi na tarar shimfiɗe, mutane sun haƙa ƙananan ramuka a tsakiyarsa suna jiran ruwa ya tsattsafo su kwarfa da ƙoƙo. A ƙarƙashin Ƙaura dutse ne, irin wanda ba ya riƙe ruwa sai a tsagarsa, shi ya sa za a haƙa burtsatse biyu kusa da juna, ɗaya ta ba da ruwa ɗaya ta fito a bushe. In aka nausa wajen Shinkafi sai ƙasa ta koma yashi da tsakuwa, ruwa ya fi samuwa. Sai dai yashin da ke sakin ruwa cikin sauƙi, haka yake sakin abin da ke cikin masai.

Ƙaura tsohon garin ciniki ne. A nan layin dogon da ya taso daga Zariya ta Funtuwa da Gusau ya tsaya a 1929, aka riƙa lodin gyaɗa da auduga. A 1983 aka kafa kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya, ɗalibai da ma'aikata suka ƙaru. A 'yan shekarun nan kuma ta'asar 'yan bindiga ta koro mutanen ƙauyuka suka cika unguwannin gefe. Gari ya buɗe ta kowace fuska, bututun da aka binne saboda ƙaramin gari bai bi shi ba.

A wani lungu na tsohuwar unguwa mai masaukina ya nuna mini bututun da ke kai ruwa gidajen layin. Siririn bututun roba ne baƙi, kaurinsa bai wuce babban yatsa ba. Ya fito daga babban bututu ya kwanta a cikin kwata, ya bi ta har ya shige ƙarƙashin wata katanga. A wuri biyu an naɗe shi da yankakken tif ɗin tayar babur, inda ya taɓa fashewa. Ruwan wanka da na wanke-wanke da fitsarin rariya duk ta kansa suke bi. A ƙofar wani gida kuma an haƙa rami mai zurfin gwiwa, an yanke bututun a can ƙasa an sa masa kan famfo, domin ruwan ba shi da ƙarfin hawa sama. Duk ranar da aka yi ruwan sama, ramin zai cika da ruwan titi, bakin famfon ya nutse a ciki.

Muna tsaye sai ga wani dattijo da ya yi shekaru yana aikin gidan ruwa kafin ya yi ritaya. Bayan mun gaisa na ce, "Baba, ruwan da ya bi ta nan ai ba zai shawu ba."

Ya ce, "Ɗana, lafiya lau ruwan ga su ka fitowa. Bisa hanya su ka ɓaci."

Ya tsuguna ya yi mini bayani da tsinke a ƙasa. Muddin bututu a cike yake, ruwan ciki turowa waje yake yi. Ko da akwai tsaga, fita zai yi, ba abin da zai samu hanyar shiga. Da zarar an ɗauke ruwa bututu ya zama fanko, sai lamari ya juye. Guntun ruwan da ya rage yana gangarewa gangare, yana zuƙo duk abin da ke kewaye da tsagar. Masu hali da suka jona injin jan ruwa kai tsaye a babban bututu suna ƙara wa zuƙar ƙarfi. Ranar da aka sako ruwa, abin da zai fara isa gida shi ne abin da bututun ya haɗiya a kwanakin da ya yi a bushe. Matan gari sun san wannan ba tare da injiniya ya faɗa musu ba, domin na farko yakan zo ja ko da wari, su zubar ko su ajiye don wanki. Abin da ido ba ya gani shi ne, bayan ruwan ya washe, ƙwayar cuta na iya saura.

A gidan ruwan da ke ɗiban ruwan gulbi, in komai na tafiya daidai, ana zuba alam ya tattara laka, a bar ta ta kwanta, a tace ruwan ta cikin yashi, sannan a sa kulorin. Kulorin ɗin aiki biyu yake yi. Yana kashe ƙwayoyin da suka tsallake tacewa, sannan wani kaso nasa ya rage a cikin ruwan ya raka shi hanya. Wannan ragowar guzurin matafiyi ce: in hanya ta yi nisa tana ƙarewa kafin a isa masauki. Zafin rana yana cin ta, tsatsar bututu da laka suna cin ta, dogon zama a tanki yana cin ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a samu aƙalla miligiram 0.5 a kowace lita bayan minti 30 da zubawa, kuma kada ya gaza 0.2 a bakin famfon ƙarshe. Ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya, wadda aka fitar a 2007 aka sabunta a 2015, ta ce kada a samu ko ƙwayar E. coli guda, wato ƙwayar da ke nuna bayan gida ya taɓa ruwa, a cikin mililita 100. Duka ƙa'idojin biyu bakin famfo suka nufa, inda mutum zai tara bokiti. Wanda ya auna a gidan ruwa kawai ya tsaya, rabin aiki ya yi.

Daga Ƙaura na kama hanyar Zurmi. Direbobi ba sa tashi da sassafe, ba sa kuma yarda la'asar ta same su a daji. A cikin mota kowa ya san sunan wurin da ake yin shiru in an zo wucewa. Wannan tsoron yana da alaƙa da ruwa fiye da yadda baƙo zai zata. Garin kulorin ta wannan hanyar zai zo. Makanikin da zai gyara famfon tuƙa-tuƙa ta nan zai bi. Matar da a da take zuwa rijiya mai kyau a bayan gari yanzu ta gwammace kududdufin da ke kusa, ta dawo gida da ranta. A Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara, aka rufe kasuwannin mako-mako, aka hana sayar da fetur a jarka, duk burtsatsen da ke dogara da janareto ta shiga wani hali. A shekarar 2021 ɗin ce kuma kwalara ta kama sama da mutum 100,000 a Najeriya, ta kashe sama da 3,000, Zamfara na cikin jihohin da suka fi jin jiki.

Ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta daɗe tana aiki a manyan asibitocin Zurmi da Shinkafi. A daminar 2025 ta ba da rahoton sama da mutum 1,500 da amai da gudawa ya kwantar daga tsakiyar Yuni zuwa farkon Agusta a asibitocin da take tallafa wa a jihar, har aka buɗe wuraren jinya na musamman a Zurmi da Shinkafi da Talatar Mafara. Ruwa ba ya tsami banza. Ruwan sama na farko yana wanke bayan gidan da aka yi a fili ya zuba a rijiyar da ba ta da baki, ya cika masai ya tumbatsa, ya shiga ramin famfo irin wanda na gani a Ƙaura. Ƙwayar kwalara daga bayan gidan wani take fita ta shiga bakin wani, kuma tana iya tsotse babban mutum cikin sa'o'i kaɗan.

A Zurmi ne na ga yadda ake awon kulorin da idona. Wata ma'aikaciyar lafiya ta ciro wani ɗan akwatin roba mai haske daga jakarta, girmansa bai wuce tafin hannu ba, a gefensa an jera launuka daga fari zuwa ja mai haske, kowanne da lambarsa. Ta tari ruwa a famfon wata burtsatse mai aiki da hasken rana, ta jefa 'yar farar ƙwaya, ta girgiza. Ruwan bai sauya ba. Ta ce wannan ba yana nufin ruwan ba shi da kyau ba, domin daga ƙasa mai zurfi ya fito. Abin da yake nufi shi ne ba shi da abin da zai kare shi daga nan zuwa gida. Sai ta ɗebo daga wata jarka da aka jefa wa ƙwayar tsabtace ruwa tun da hantsi, ta maimaita. Nan take ya rine ya koma ja-ja. Ta ɗaga shi sama ta gwada da launukan, ta karanta lambar, ta rubuta a littafinta. Aikin duka bai ci minti biyu ba. Akwai kuma wata 'yar kwalba da ake zuba ruwa a ajiye kwana ɗaya ko biyu, in ya yi baƙi to akwai alamar ƙazanta. Waɗannan kaya ba su buƙatar lantarki, ba su buƙatar digiri. Mutum suke buƙata wanda aikinsa ke nan kullum, da annoba da babu annoba.

Na shiga Shinkafi ranar Alhamis, ranar babbar kasuwarta. Ranar ce 'yan ga-ruwa ba sa zama, domin masu abinci da mahauta da masu shayi duk jiransu suke. A gindin wani tankin sama na mai zaman kansa na tarar da kurori a jere, kowace da jarkokinta. Na roƙi wani saurayi ya bar ni in leƙa cikin tasa.

Ya ce, "Bismilla Alhaji, duba."

Na karkata bakin jarkar wajen rana. A gindinta da kusurwoyinta akwai gansakuka kore shar. Murafen wasu sun ɓace, an toshe bakinsu da leda. Ya ce yakan zuba tsakuwa da omo ya girgiza in ya samu sarari, amma hannu ba ya shiga, kuma ranar da ya tsaya wanki ranar ba shi da ciniki. Ban ga laifinsa ba. Shi da abokan sana'arsa su ne bututun Shinkafi, kamar yadda suke a unguwanni da yawa na Kano da Gusau. Suna tura kaya mai nauyin ɗaruruwan kilo a cikin yashi da rana tsaka don mutane su sha. Duk tsarin da zai kula da ingancin ruwa a garin nan ya bar su a waje, ya bar mafi yawan masu sha a waje.

Alƙaluma sun goyi bayan abin da na gani a gindin jarkar. Binciken gidaje da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2016 zuwa 2017 ya samu E. coli a ruwan kusan mutum uku cikin huɗu tun a inda ake ɗiba, amma da aka auna wanda ke cikin gida, a kofin da za a sha, sai ya kai kusan tara cikin goma. Tazarar da ke tsakanin lambobin nan biyu ita ce jarka da bokiti da randa da hannu. Masu hali sun koma ruwan leda, amma lambar NAFDAC da ke jikin leda shaida ce ta ranar da aka duba masana'anta. Mai iyali goma da ke gudun hijira kuwa ba zai iya sayen leda don sha da girki ba.

A Galadi, cikin ƙasar Shinkafi, rijiya na tarar tana ɗauke da nauyin mutane. Kowace mace da gugarta, in ta gama ja sai ta yar da igiya a ƙasa, inda tumaki suka tattake, mai bi mata ita ma haka. Abokin tafiyata ya shigar da ni gidan mahaifiyarsa. A inuwar ɗaki akwai randuna biyu a kan yashi mai laima, an rufe su da faifai, moɗa na kife a kai. Tsohuwar ta ɗebo mini, ruwa mai sanyi da ƙamshin ƙasa.

Na ce, "Inna, in ruwan ya zo da laka yaya kuke yi?"

Ta ce, "Alam mu ka sawa, ɗana. In babu, mu daka ɗiyan zogale mu zuba, su kwanta."

Dabarar tana aiki, kuma masana sun tabbatar 'ya'yan zogale suna kwantar da laka. Sai dai kwantar da laka daban, kashe ƙwayar cuta daban. Ina zaune jikokinta suka shigo daga wasa, kowa ya ɗauki moɗar ya zurma ta har wuyan hannu, ya sha, ya mayar. Gida ne mai tsabta, an share tsakar gida tas, tsohuwa ce mai kula. Randar ce aka yi ta da faɗin baki. Bokiti mai murfi da ɗan famfo a gindi, ko ludayi mai dogon hannu da ake ratayewa, da ƙwayar kulorin guda a jarka tun a bakin rijiya, sun isa su toshe wannan ƙofa.

Akwai kuma abin da kulorin ba ya magani, kuma darasinsa ba nisa. A Tibiri ta Gobir, kusa da Maradi, an haɗa wa gari ruwan famfo daga rijiya mai zurfi a 1985. Ruwa ne garau, ba wari ba launi, mutane suka yi murna. Sai bayan shekaru aka gane sinadarin fuloraid ɗin da ke cikinsa ya ninka abin da aka yarda da shi, wato miligiram 1.5 a lita, sau uku ko fiye. Kafin nan haƙoran yara sun rine, ƙasusuwan ɗaruruwansu sun lanƙwashe. Zamfara ma ta san dafin da ba a gani, tun 2010 da gubar dalma daga aikin zinariya ta kashe yara aƙalla 400 a ƙasashen Anka da Bukkuyum. Ƙa'idar ƙasa ta kayyade dalma a ruwan sha kada ta wuce miligiram 0.01 a lita. Duk sabuwar burtsatse ta cancanci a kai ruwanta ɗakin gwaji kafin a yanke ƙyallen buɗe ta, a kuma sake kaiwa lokaci-lokaci.

Abin da na taho da shi daga wannan tafiya shi ne, mun iya haƙa ba mu iya bibiya ba. Tankin sama yana da allon da ke ɗauke da sunan wanda ya gina. Awon kulorin ba shi da allo, ba a kiran maroƙi ranar da aka yi shi, don haka ba ya shiga kasafi. Alhali aikin da ke hana mutuwa ƙanana ne kuma sanannu. A ɗaga bututun gida daga cikin kwata, a maye gurbin ɗaurin tif da haɗi na gaskiya. Inda ba za a iya ba da ruwa dare da rana ba, a sanar da ranar sakowa da sa'arta, a ƙara kulorin a ranar, a gaya wa mutane su zubar da na farko. A sa na'urar ɗiga kulorin a tankunan burtsatse, na gwamnati da na 'yan kasuwa, a riƙa wanke tankunan. A yi wa 'yan ga-ruwa rajista ta hannun shugabanninsu, a tanadar musu wurin wanke jarka da murafe a inda suke ɗiba. A yi wa rijiya baki da daɓe da guga guda na kowa da kowa, a nisanta sabon masai da ita da kamar mita 30, musamman a ƙasar yashi. Lokacin annoba kuma a zaunar da mutum a bakin rijiya yana zuba kulorin a kowace jarka.

Tun Nuwambar 2018 gwamnatin tarayya ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ruwa da tsabtar muhalli. A Ƙaura da Zurmi da Shinkafi, ma'anar wannan doka za ta fito ne ranar da kowace ƙaramar hukuma ta samu ma'aikaci sananne, da akwatin awo da littafi da babur, wanda zai zaga famfunan ƙarshen layi da tankuna da wuraren ɗiban 'yan ga-ruwa kowane mako, ya liƙa sakamakon a ƙofar asibiti da bakin kasuwa, hakimi da limami su gani, a faɗa a masallaci in an samu matsala. Mutanen da na gani a can suna fama da bindiga a daji, bai kamata su dawo gida su yi fama da abin da ke cikin moɗa ba. Kuɗin wannan aiki na shekara guda bai kai na tanti da ledojin ƙarin ruwa na annoba guda ba, kuma lokacin fara shi bazara ne, kafin hadarin farko ya haɗu.